'Yan Kasuwarmu da Sabon Adireshin Intanet

Yau da masu shagon kwamfuta da masu POS nake, daga Kafanchan har Fadan Kaje da Zonkwa.

Duk na'urar da ta hau intanet sai da lambar adireshi. Tsohon tsarin, IPv4, lambobinsa kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare tun 2011. AFRINIC mai raba wa Afirka ma ta tsuke hannu tun 2017. Shi ya sa kamfanonin waya ke cusa jama'a da yawa a lamba ɗaya: wani ya yi ɓarna a toshe ku duka, kyamarar tsaron shagonka kuma ta ƙi buɗuwa daga gida.

IPv6 ne mafita. Ni abin da ke damuna shi ne tsofaffin na'urorin rarraba intanet 'yan gwanjo da ake jibgo mana da araha. Garin da Gidauniyar Fantsuam ta kawo wa intanet mara waya tun shekarun 2000 bai cancanci zama juji ba.

Alhaji, kafin ka biya, tambayi mai kayan: tana ɗaukar IPv6? In ya fara kame-kame, mayar da kuɗinka aljihu. Kamfanin da ke sayar maka da data ma ka tambaye shi.