Tun a aji biyu ya kamata a fara koya wa ɗalibin likita mutunta mara lafiya

'Yan uwa ɗalibai 'yan Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman ƙannenmu masu karatun likita, ga wata magana da nake so mu tattauna.

Karatun likita a Najeriya shekara 6 ne. A aji biyu da aji uku ɗalibi yana fama da anatomi da fisiyoloji da bayokemistiri, sai ya haye babbar jarabawar nan sannan ya fara shiga asibiti. Rantsuwa kuwa sai ranar da hukumar MDCN ta shigar da shi cikin likitoci. A ganina an yi latti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mara lafiya na farko da ɗalibi ke haɗuwa da shi gawa ce, a ɗakin anatomi. Wannan gawar ɗan wasu ce ko 'yar wasu. Wanda ya saba ɗaukar hoto da ita yana ɗorawa a sitatus na WhatsApp, wallahi gobe zai ɗauki hoton raunin wani ya sa a TikTok. Alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, kuma Sanarwar Janeba ta 1948, wadda aka sabunta a 2017, ta sa likita ya riƙe sirrin ko bayan mai shi ya rasu.

Wasu za su ce ai manhaja ta cika, ina lokaci? Gaskiya ta cika. Amma ba sabon kwas nake nema ba. Minti goma kafin a fara aiki a kan gawa, a tuna wa ɗalibai mutum ne a gabansu. A koya musu sallama, faɗin suna, da neman izini kafin taɓa jiki. Ɗalibi kuma yana kwaikwayon abin da ya gani fiye da abin da ya ji a laca. In babban likita ya daka wa tsohuwa tsawa a gabansa, darasin kenan da zai riƙe.

Mu 'yan Arewa abin ya fi shafarmu. In aka kawo wani daga Sabo ko Agege ba ya jin Turanci ko Yarbanci, kai za a kira ka yi tafinta. Za ka ji sirrin gidansa, kuma ƙila ku haɗu a masallacin Juma'a. Amana ce, kar ta zama hirar hostel. In mace ce, ka tabbatar akwai wata mace a wurin kafin a duba ta.

Ƙungiyoyinmu na ɗalibai za su iya farawa: ku gayyato likita ɗaya kowane zango ya zauna da 'yan aji biyu. Masu karatun likita, ya abin yake a makarantunku?