Ba Kowane "Run" Ne Gudu Ba

'Yan'uwana ɗalibai, tun a firamare ake koya wa yaro cewa "run" shi ne gudu, ya haddace ya wuce. A ganina wannan hadda ce ke ɓata wa ɗalibai da dama aikin fassara har su kammala digiri.

Lokacin da masu babban ƙamusun Oxford suka sake bitar wannan aikatau a shekarar 2011, ma'anoni 645 suka jera masa. Da haka ya zarce "set", wanda ke da 430 a bugun 1989. To, yaya kalmar Hausa guda za ta ɗauki wannan kaya?

Idan Bature ya ce "the tap is running", famfo ne ke zuba. "The engine is running" kuwa inji ne a kunne, ko taku ɗaya bai yi ba. Mai "running a temperature" jikinsa ne ya yi zafi, wanda ya yi "run out of money" kuma kuɗinsa ne suka ƙare. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na siyasa. Mutumin Amurka cewa yake "run for president", Bahaushe kuma ya ce an tsaya takara. Wancan na gudu, wannan na tsaye, alhali kujera ɗaya suke nema! Mutanen Ingila ma "stand" suka saba faɗa, kamar mu.

Kada a ɗauka harsunan biyu ba sa haɗuwa. Ruwa yana gudu a kogi a Hausa da Ingilishi duka. "Run a school" shi ne gudanar da makaranta, kuma gudanarwa daga gudu ta samo tushe. Abin da ake kira "running stomach" a Ingilishin Nijeriya shi ne gudawa. Wannan dacewar ce ke yaudarar ɗalibi, sai ya zaci ko'ina haka abin yake.

Don haka nake roƙon malamanmu su riƙa ba mu jimla sukutum a darasin fassara, su rage jerin kalma da kishiyarta ta wani harshe. Abokanmu masu koyon Hausa a nan Kudu sun san irin wannan wahala daga "ci". An ce musu na abinci ne, sai ga cin jarrabawa, cin bashi, cin amana, cin zaɓe, har da kasuwar da ke ci ran Juma'a.