Horar da Malamai da Fastoci: A Kai Shi Yammacin Zamfara

Tun daga 1995, lokacin da Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Wuye suka ajiye gaba suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, an samu abin koyi a Arewa. Mutanen nan biyu sun yi jagorancin matasan da suka gwabza a rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992, inda Fasto Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Ashafa kuwa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Ƙoƙarinsu ne ya haifar da yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu. Akwai kuma majalisar NIREC da aka kafa a 1999, wadda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar CAN ke jagoranta tare.

Abin da ke damun wannan jarida shi ne inda ake yin wannan horo da kuma waɗanda ake gayyata. Mafi yawan tarurrukan a manyan otal-otal na Abuja da Kaduna da Jos ake yin su, da Turanci, a raba takardar shaida, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Limamin ƙauye da faston ƙaramar majami'a, waɗanda su ne matasa ke jin maganarsu, da wuya labarin ma ya kai musu.

Mu ɗauki yankin Anka da Gummi da Bukkuyum. Wani zai ce ai Musulmi ne kusan duka, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun Oktoban 1999, to da wa za a tattauna? Mu a ganinmu wannan hujja ce ta a gaggauta. Inda Kirista suke 'yan kaɗan, baƙi 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, ba su da garkuwar da ta wuce bakin limamin unguwarsu. Ba mu manta da Talata Mafara ba, wadda ke mazaɓar sanata ɗaya da waɗannan garuruwa. A Agustan 2016 an zargi wani ɗalibi da ɓatanci, aka yi masa duka, sannan aka cinna wa gidan mutumin da ya kai shi asibiti wuta, mutum takwas suka halaka. Bugu da ƙari, yankin na iyaka da ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, inda Musulmi da Kirista ke cuɗanya a kasuwa da gona.

Mun san ana zargin irin wannan horo da neman gwamutsa addinai, kuma wajibi ne masu shirya shi su kawar da zargin tun daga ranar farko. Ba a ce liman ya shiga majami'a ya yi ibada ba, ba a ce fasto ya bi sahu ba. Abin koyarwar a fili yake: me malami zai yi a sa'ar farko da jita-jita ta ɓulla, wa zai kira, ta yaya zai miƙa wanda ake zargi ga hukuma da ransa. A Yunin 2018 Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, a Barikin Ladi, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Imaninsa ne ya sa shi, amma bai kamata al'umma ta zauna tana jiran a dace da irinsa ba.

Sai batun adalci. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a 2010 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma ba ta tambayi addinin kowa ba, haka 'yan bindigar da suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Janairun 2022. Malaman da suka saba zama tare sun fi iya tunkarar gwamnati da murya ɗaya kan haƙƙin waɗanda aka raba da gidajensu.

Saboda haka muna kira ga masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, da Jama'atu Nasril Islam da CAN reshen Zamfara, su nemi cibiyar Kaduna ta kawo horon nan fadar sarki, da Hausa, a kuma fara da limaman Juma'a da malaman Islamiyya da shugabannin ɗalibai.