Kuɗin Kyamara Daga Waje, 'Yan Kallo Kuma Fa?

A shekarar 2021 Aisha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder. Ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda tun asali aka keɓe wa kutare, ta zauna da samarin daba da masu sayar da man fetur na fasa-ƙwauri, ta bar su suka faɗi rayuwarsu da bakinsu. Ba 'yan wasa ba ne, ba kuma labari aka rubuta musu ba. Hausa suke yi tun daga farkon fim har ƙarshe. Amma kuɗin aikin ya zo ne ta hanyar shirin Generation Africa na ƙungiyar STEPS da ke Afirka ta Kudu, da tashar Arte ta Faransa da Jamus, kuma a ƙasar Suwizalan aka fara haska shi. Da dama daga cikinmu a nan Turai muka kalle shi, muna zaune cikin Turawa, su suna bin fassarar da ke ƙasan hoto, mu muna jin maganar kai tsaye. Mai karatu ya tambayi abokansa na Kano ko Gusau, ya ji mutum nawa ne suka taɓa jin sunan fim ɗin.

Ba laifin mai fim ba ne. Duk wanda ya yi niyyar ɗaukar fim na gaskiya a kan zalunci ko talauci a ƙasar Hausa, ƙofofin da zai ƙwanƙwasa sanannu ne, kuma kusan dukkansu a ƙetare suke: asusun IDFA Bertha a Amsterdam, asusun Hot Docs-Blue Ice a Toronto, Cibiyar Sundance da shirin JustFilms na Gidauniyar Ford a Amurka. Mutanen gabashin Afirka sun kafa nasu, Docubox, a Nairobi. Mu har yanzu hannu muke miƙawa.

Neman tallafin nan sana'a ce mai zaman kanta. Za a rubuta bayanin fim da Turanci ko Faransanci, a haɗa da kasafin kuɗi dalla-dalla, da ɗan samfurin abin da aka riga aka ɗauka, sau da yawa kuma sai an sami furodusa mai kamfani da rajista. Matashin da ya san kowane lungu na Kara-Kara, ko ya tashi a ƙauyen da 'yan bindiga suka tarwatsa, da wuya ya tsallake wannan shinge shi kaɗai. Wanda ya tsallake kuwa, a hankali yakan koyi rubuta abin da kwamitin zaɓe ke son karantawa. Ƙaura zuwa Turai na samun kunne, haka ta'addanci. Rikicin gado, da yadda dillalai ke cinye gonakin gefen birni, da mutanen da ke shafe shekaru a gidan yari ba a yanke musu hukunci ba, waɗannan sai a ce sun cika zama na cikin gida. Alhali su ne abin da ke hana iyayenmu barci.

Akwai masu cewa a ƙaurace wa kuɗin waje baki ɗaya, wai makirci ne na ɓata mana suna. Wannan jarida ba ta tare da su, domin mun ga abin da ake yi a gida. A 2018 sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da fim a kan shan maganin tari mai kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin da shigo da shi. A 2022 kuwa, da Yusuf Anka ya shiga dajin Zamfara ya dawo da hirar shugabannin 'yan bindiga da ta mutanen da suka zalunta, amsar hukuma ita ce tara: Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta ci kamfanonin da suka haska fim ɗin naira miliyan 5 kowanne, ta kuma ci Trust TV daidai wannan adadi saboda nata fim ɗin a kan matsalar. Gwamnatin da ke cin tarar mai nuna fim ba ita za ta biya kuɗin ɗaukarsa ba. Attajiranmu ma, masu gina masallatai da raba hatsi da azumi, Allah ya saka musu, ba su cika son kyamarar da wata rana za ta iya juyowa kansu ba.

To me ya rage mana, mu da muke lissafin kuɗin haya da na abinci daga ɗan alawus? Ba za mu iya ɗaukar nauyin fim sukutum ba, kada mu yaudari kanmu. Amma akwai gurabe biyu masu araha da manyan gidauniyoyi ba su cika kula da su ba. Na farko shi ne rubutun neman tallafi. A cikinmu akwai waɗanda suka rubuta irinsa sau biyar ko shida kafin su sami gurbin digiri na uku. Su ba da 'yan sa'o'i su zauna da mai fim a gida ta waya, su taya shi tsara nasa ba tare da sun sauya masa labari ba.

Na biyu shi ne mayar da fim gida. Kakanninmu sun san majigi: mota ta zo gari da almuru, a kafa farin allo a ƙofar fada, jama'a su taru. Turawan mulki sun yi amfani da shi don isar da nasu saƙon, kuma dabarar ba ta tsufa ba. Izinin haskawa daga mai fim, hayar na'ura, man janareta, da fassarar Hausa in fim ɗin da wani harshe aka yi shi, duka abin da asusun ƙungiya zai iya ɗauka ne in aka rage kashe kuɗi a walimar ƙarshen shekara. A inda doka ta bukaci izinin hukumar tace finafinai, kamar Kano, a nema a rubuce.

Kwamitin wannan jarida zai gabatar da ƙudurin a taronmu na gaba, kuma muna ba da shawarar a fara da Zinder. Wanda ke da ja, ya zo da nasa fim ɗin da hujjarsa.