Jama'a, a ɗaura takalmi a hau duwatsun Ruwanda

'Yan uwa masu hali, da ku masu tari don wata rana, ku ba ni aron kunnuwanku. A arewa maso yammacin Ruwanda, inda iyakarta ta haɗu da ta Yuganda da ta Kwango, akwai jerin duwatsu takwas masu aman wuta da ake kira Virunga. Biyar daga cikinsu sun shigo gandun dajin da Ruwanda ta killace: Karisimbi, babbansu, mai tsawon mita 4,507, sai Muhabura, Bisoke, Sabyinyo da Gahinga. Waɗannan biyar sun daɗe da lafawa, daji ya lulluɓe su. A gangarensu, cikin hazo da sanyi, Allah Ya ajiye goggon birin tsauni, halittar da duk faɗin duniya ba a samunta sai a waɗannan duwatsu da kuma dajin Bwindi na Yuganda. Ko gidan zu ba a ajiye shi. Mutane na tasowa takanas daga Amurka da Jamus da Japan don su gan shi na sa'a ɗaya, mu kuwa da muke nahiya ɗaya da shi muna tsallake shi a jirgi, mun nufi kasuwannin Dubai. Wannan abu yana ci mini rai.

Da kyar dabbar nan ta sha. Tun 1925 aka killace yankin, shi ne gandun daji na farko a Afirka, amma hakan bai hana a yanke masa fili a mai da shi gonaki ba, bai kuma hana masu ɗana tarko shiga ba. A 1967 wata Ba'amurkiya, Dian Fossey, ta kafa sansanin bincike na Karisoke tsakanin Karisimbi da Bisoke, ta zauna da birran nan shekara da shekaru tana faɗa da mafarauta, har aka kashe ta a ɗakinta a Disambar 1985. Kabarinta na can kan dutsen, kusa da na birran da ta yi wa hidima. Ƙidayar 1981 ta samu kusan 250 kacal a duk Virunga. Ta 2016 ta samu 604, kuma da aka haɗa da na Bwindi adadin ya kai 1,063. Ba daga sama wannan ƙari ya faɗo ba. A ɓangaren Kwango kaɗai, masu gadin daji sama da 200 sun rasa rayukansu a bakin aiki. 'Yan Afirka ne irinmu, masu mata da 'ya'ya.

To, ga yadda ranar ziyararsu take. Da ƙarfe bakwai na safe ake haɗuwa a ofishin gandun da ke Kinigi, kusa da garin Musanze. Za a raba ku mutum takwas takwas, kowane rukuni da dangin birran da zai ziyarta, alhali masu bin sawu sun riga sun shiga daji tun asuba suna neman inda suka kwana. Ka fara ratsa gonakin dankalin Turawa da fararen furannin da ake maganin ƙwari da su, har ka isa katangar duwatsu da aka gina don hana ɓauna shiga amfanin gona. Kana tsallake ta, ka shiga wata duniya. Kurmin gora, laka har idon sawu, ganye mai ƙaiƙayi da ke cin fata ko ta cikin wando, numfashi na yi maka wuya saboda tsawon wurin. Wani ya same su cikin rabin sa'a, wani sai ya yi sa'a uku ko huɗu yana hawa.

Sai ja-gora ya tsaya, ya ce a ajiye jaka da sanda. Ya yi wani gurnani a maƙogwaro, irin wanda birran ke yi wa juna idan lafiya ce. Ka ɗaga kai, ga shi nan: babban namiji mai farin gadon baya, nauyinsa ya doshi kilo 200, yana zaune kamar mai gida a zaure, yana ɓare gora da yatsu yana ci ba gaggawa. Gefe guda uwa ta rungume jariri, matasa na kokawa suna gangarowa, wani ƙarami ya miƙe ya bugi ƙirji ya faɗi. Dubi hannunsa, da farce da zanen tafi. Dubi hancinsa, domin da tsagar hanci masu gadi ke bambanta wannan da wancan. Duk mai imani da ya tsaya a wurin nan sai bakinsa ya yi tasbihi tun kafin ya yi niyya.

Sa'a ɗaya ce, kuma ina roƙonku ku girmama ta. Mura da tarin da kai za ka sha magani ka warke suna iya kashe su, don jikinsu ya yi kusa da namu ƙwarai. Mai mura ya haƙura ya sanar, a sa takunkumi, a ba su tazara, a kashe fitilar kyamara, kada a kai yaron da bai kai shekara 15 ba. Macen goggo sai kusan bayan shekara huɗu take haihuwa ɗaya, shi ya sa rasa jariri guda babbar asara ce.

Na san abin da ke ranka, Alhaji: kuɗi. Gaskiya ne, takardar izinin baƙo daga wajen nahiya dala 1,500 ce, amma a 'yan shekarun nan an sha rage wa 'yan Afirka zuwa dala 500. Kuma ka san inda kuɗinka ke tafiya. Tun 2005 ake ware wa ƙauyukan da ke kewaye da gandun kaso daga abin da ya shigo, a 2017 aka ɗaga shi zuwa kashi 10 cikin 100, ana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa. Idan ka je, ka ɗauki ɗan dako ko da jakarka ba ta da nauyi. Wasunsu a da tarko suke ɗanawa, ladan da ka ba su ne ke sa biri mai rai ya fi musu matacce amfani. Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai birrai masu gashi ruwan zinariya a kurmin gora, akwai hawan Bisoke zuwa tafkin da ke bakin dutsen, akwai tsuntsaye barkatai, duk a farashi mai sauƙi. Ko ka daidaita tafiyarka da bikin Kwita Izina, inda tun 2005 ake taruwa a Kinigi ana raɗa wa jariran birrai suna.

Hanya ma ba wuya. Jirgin RwandAir na tashi daga Legas zuwa Kigali, ɗan Afirka ba ya wahalar biza, daga Kigali zuwa Musanze kuma tafiyar sa'a biyu da 'yan kai ce a kwalta. Hajiya, batun abinci da salla kada ya dame ki, unguwar Nyamirambo da ke Kigali cike take da Musulmi da masallatai. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ya fi sauƙi.

Kirana mafi ƙarfi yana kanku, malaman jami'a, ɗaliban gandun daji da likitancin dabbobi, da jami'an da ke riƙe da Yankari da Gashaka Gumti. Mu ma muna da namu goggon birin a kan iyakar Najeriya da Kamaru, a tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo da Takamanda, kuma waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba. Ku je Kinigi da littafi da biro. Ku tambayi masu gadi yadda suke sintiri, ku tambayi manoma yadda kasonsu ke isa gare su, ku ga yadda likitoci ke cire wa biri tarko a tsakiyar daji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai, ku yi karo-karo ku ɗauki nauyin matasa biyu ko uku. A buɗe adashin tun wannan watan, a nemi izini da wuri, don mutum takwas kaɗai ake bari su ga kowane dangi a rana.