Bashin da ake bin mu a ƙarƙashin teku

A watan Mayu na 2013 jirgin ruwa mai suna Jascon-4 ya kife a gaɓar tekun Najeriya, ya nutse zurfin mita 30. Mai dafa abinci a jirgin, Harrison Okene, ya shafe kusan sa'o'i 60 a wani lungu da iska ta maƙale, har masu nutso da suka je ɗebo gawawwaki suka tarar da shi da rai. Ba su ɗauko shi sun yi sama kai tsaye ba, domin da hakan ya kashe shi. Sai da aka sa shi a ɗakin rage matsi na wasu kwanaki. Ilimin da ya ceci ransa sojojin ruwa ne suka tara shi, wasu da lafiyarsu, wasu da rayukansu, kuma ina ganin ba mu ba su haƙƙinsu na tunawa ba.

Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wannan matsi yana tura iskar naitirojin cikin jini da tsoka. Idan mutum ya taso da gaggawa, iskar sai ta yi kumfa a jikinsa kamar kwalbar lemo da aka buɗe farat ɗaya, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki ko mutuwa. Rundunar sojojin ruwan Birtaniya ce ta sa John Scott Haldane ya binciki matsalar, ya fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki a 1908. Ya fara gwaji da awaki, amma sojoji ne suka shiga ruwa suka tabbatar da lissafin da jikinsu.

A 1939 jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, Squalus, ya nutse zurfin mita 74. Mutum 26 sun mutu, amma an fito da 33 ta hanyar wani ɗaki na ƙarfe da masu nutso suka ɗaure wa igiya a ƙofar jirgin. A aikin ɗago jirgin ne Charles Momsen da mutanensa suka yi amfani da haɗin hiliyam da oksijin, wanda ke hana mayen da naitirojin ke sa mutum a zurfi. Daga baya, a 1964, George Bond ya jagoranci gwajin SEALAB, wanda ya nuna mutum zai iya zama kwanaki a ƙasan teku sannan a rage masa matsi sau ɗaya. Da wannan dabarar masu gyaran bututun mai suke aiki har yau.

Sai Carl Brashear, baƙar fata ɗan jihar Kentucky. A 1966, wajen neman bam ɗin nukiliya da ya faɗa teku kusa da Palomares a Sifaniya, ƙarfe ya buge shi har aka yanke masa ƙafar hagu. Ya ƙi yin ritaya, ya koma nutso a 1968, ya kai matsayi mafi girma a fannin a 1970. Shi an yi fim a kansa a 2000. Sauran abokan aikinsa ba a ko san sunayensu ba.

Wani zai ce ai sojoji ne, an biya su, kuma don yaƙi aka horar da su. Gaskiya ne, har dasa nakiya a jikin jirage sun yi. Amma albashi ba ya biyan ƙafa, kuma amfanin aikinsu ya wuce fagen daga ya kai ga mai dafa abinci a tekun Najeriya.

Tunawa da su ba ta tsaya ga faretin shekara-shekara ba. Da tsohuwar zuma ake magani: kowace runduna, har da tamu, ya kamata ta naɗi bayanan tsofaffin masu nutsonta tun suna raye, ta saka su cikin horar da matasa, ta kuma ɗauki nauyin jinyar kunne, ƙashi da huhun da aikin ya lalata musu.