Alkawarin da Cocin Katolika ke nema kafin auren mabambanta addini

A ma'aikatun Abuja, inda ɗan Kano ke zama teburi ɗaya da 'yar Inugu, ba abin mamaki ba ne soyayya ta ƙullu tsakanin Musulmi da 'yar Katolika. Wahalar takan fara ne ranar da aka je gaban Fada.

Kundin dokokin Cocin na 1983 ya raba lamarin gida biyu. Idan ɗan Katolika zai auri Kiristan wata ɗarika, izinin Bishop ake nema. Idan kuwa wanda zai aura ba a yi masa baftisma ba, kamar Musulmi, sashe na 1086 ya ce auren bai inganta ba sai Bishop ya ɗage hanin. Sharaɗin yana sashe na 1125: ɓangaren Katolika zai bayyana niyyar riƙe addininsa, ya kuma yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma, a rene su cikin Coci. Shi ɗayan sanar da shi kawai ake yi. Tun sauyin da Fafaroma Paul na Shida ya kawo a 1970 aka daina neman alkawari daga gare shi.

Wasu na kallon wannan a matsayin shisshigi. Ni a ganina gata ne. Musulunci ya halatta wa namiji auren Kirista, amma ya ɗora masa tarbiyyar 'ya'yansa bisa Musulunci. Nauyi biyu ke nan da suka yi karo a kan yaro ɗaya, kuma gara a ji wannan karon ana zance da a ji shi ranar suna, dangi sun cika gida, ragon yana ɗaure.

Inda dokar ta fi cizo shi ne biki. Iyaye sukan so a raba daidai, a ɗaura aure da safe, a shiga coci da yamma. Sashe na 1127 ya hana maimaita ƙulla aure ɗaya a bikin addini na biyu, ya hana Fada da wani malami su haɗu kowa yana karɓar amincewar ma'auratan bisa tsarinsa. Sai dai Bishop na iya yarda a yi auren ba bisa tsarin Coci ba idan akwai babban uzuri, kuma wannan ƙofa ce da ya kamata a nema da wuri, kafin a buga katin gayyata.

Akwai kuma dokar ƙasa. Auren da aka yi a cocin da ke da lasisi, ko a rajista, ƙarƙashin Dokar Aure ta Najeriya, na mace ɗaya ne. Musulmin da ya sa hannu a wannan takarda ya rufe wa kansa ƙofar ƙarin aure muddin wannan yana nan.